Abin Da Mama Ta Tuna

Ba a gano larurar otizim ta gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa. Likita yakan duba halayen mutum ne, kuma ƙa'ida ce alamomin su kasance tun yana ƙarami. Shi ya sa bara, ina ɗan shekara 23, da na je asibiti a Legas, likitar ta ce in koma gida in zo da wanda ya raine ni. Sai na ɗauko Mama daga Ibadan.

Mama ta ce ban yi magana ba sai da na haura shekara uku. Da bakin ya buɗe kuma, sanarwar rediyo nake maimaitawa, kalma bayan kalma, har da muryar mai sanarwar. In ƙishirwa ta kama ni sai in ce mata da Yarbanci, "Kana son ruwa?" domin haka na ji tana tambayata. Wannan zai ba ku sha'awa, ku ɗaliban harshe: Leo Kanner, likitan da ya bayyana larurar a 1943 bayan ya nazarci yara 11 a Baltimo ta Amurka, ya lura da wannan musanyar wakilin suna, wato yaro ya ce "kai" a inda ya kamata ya ce "ni".

Sauran na tuna da kaina: jera marafen kwalba a tsakar gida, tafiya a kan yatsun ƙafa, da toshe kunne in an ta da injin niƙa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zancen ido. Ba na iya kallon idon mutum, har yau ma da ƙyar. A Turai da wuri malamar makaranta za ta sa ayar tambaya. A unguwarmu kuwa, kusa da Sabo, yabo na sha. Bayarabe ya ce an yi mini tarbiyya, Bahaushe ya ce yaron akwai kunya. Al'ada ta rufa mini asiri, amma ita ce kuma ta ɓoye ni shekara ashirin. Jinkirin maganar kuwa dangi suka ɗora wa Mama, wai ta bar ni ina jin harsuna biyu har kaina ya rikice. Likitar ta gaya mata cewa tashi cikin harsuna biyu ba ya haddasa otizim. Mama ta ce ta sake faɗa. Ta sake faɗa mata, sai na ga Mama ta kai bakin gyalenta ido.

Ina jin larurar ce ma ta kawo ni wannan sashe. Gaisuwar Hausa tana da tsari, kowace tambaya da amsarta. Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Yaron da hira ke firgita shi ya sami wurin da ya san abin da zai biyo baya, sai na riƙa zama wurin masu sayar da goro ina haddacewa. Inda nake shan wuya shi ne habaici da zaurance. Ranar da wani dattijo ya ce mini in zuba ido, na daɗe ina tunanin a cikin me zan zuba shi. Har yanzu ina da littafin da nake rubuta irin waɗannan maganganu da ma'anarsu, kamar ƙamus na kaina.

Saura suna. Kafafen yaɗa labaran Hausa sukan kira larurar galahanga, musamman ranar 2 ga Afrilu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata a 2007. Ni dai kalmar ba ta kwanta mini ba. A bakin mutane tana nufin wanda hankalinsa bai cika ba, alhali larurar mataki-mataki ce: akwai wanda ba ya magana sam kuma yana buƙatar kulawa tsawon rayuwarsa, akwai wanda ke zaune da ku a ajin ginin jimla. Na nemi izinin Malam in yi kundin kammala digirina a kan wannan kalma, ya ce in kawo masa tsarin aikin kafin hutu. Duk wanda ya san yadda ake kiran irin wannan yaro a garinsu, ko da sunan ba mai daɗi ba ne, don Allah ya rubuta mini a takarda. Na fi gane rubutu a kan magana.