Zare: V-boot ɗinka ba ta buƙatar a huda mata ƙofa

1/
Masu Marsandi V-boot, ku matso kusa. Idan makullin motarku ya daina kulle ƙofofi gaba ɗaya, kafin ku bar wani ya ɗauko injin huda ƙarfe, ku karanta wannan. Zai ɗan yi tsawo, a yi haƙuri 🧵

2/
Wadda muke kira V-boot sunanta na asali W124, ta fara fitowa a ƙarshen 1984. Tawa 230E ce ta 1990, ta mahaifinmu ce, Allah Ya jiƙansa, ta faɗo a rabona. Cikin 'yan'uwa har yanzu akwai masu cewa a sayar a huta. Duk abin da ya lalace a jikinta hujja ce na ba su, shi ya sa ba na barin ko da ƙaramin abu ya kwana biyu.

3/
Abin da yawancin mutane ba su sani ba: ƙofofin motar nan ba ƙaramin injin lantarki ne ke kulle su ba irin na motocin yanzu. Iska ce. Akwai ɗan famfo a ƙarƙashin kujerar baya, gefen dama, an naɗe shi da soso. In ya zuƙi iska ƙofofi su kulle, in ya hura su buɗe. Siraran tiyo masu ruwan ɗorawa su ke kai iskar ƙofofi huɗu, da but, da murfin tankin mai.

4/
A cikin kowace ƙofa akwai ɗan gwangwanin roba mai fata a ciki kamar ta ganga. Iska ta ja fatar ko ta tura ta, ita kuma ta ja sandar makulli. Shi ke nan fa. Aikin lantarki a nan kawai ya gaya wa famfo "zuƙa" ko "hura".

5/
Tawa ta fara da jinkiri. In na murɗa makulli, na gaba su sauka, na baya su tsaya suna shawara. Daga baya murfin tanki ya riƙa maƙalewa, kuma duk wanda ya taɓa isa bakin famfon gidan mai bayan dogon layi murfi ya ƙi buɗuwa ya san irin kallon da na baya suke yi masa. Ga Hajiya da nake kai wa asibiti duk wata, sai na zagaya na miƙa hannu ta ciki na ɗaga mata maɓalli tana tsaye a rana.

6/
Na kai wa wani mai wayarin. Ko kujerar bai ɗaga ba ya ce: "Yallaɓai, wannan tsohon yayi ne, cire shi za mu yi mu sa maka na zamani har da rimot." Wato a huda cikin kowace ƙofa, a ɗaura 'yan injina masu araha, a ja sababbin wayoyi, a jefar da famfon. Na ce Oga na gode, bari in yi tunani. Na ja motata.

7/
Ba wai mugunta ce ba, abin da ya saba da shi ke nan. Amma na ga V-boot da yawa da aka yi wa haka. Shekara ɗaya biyu injinan su fara ƙas-ƙas, ɗaya ya mutu, ramukan da aka huda su fara tsatsa da damina, kuma hanyar komawa ta asali ta toshe tunda famfon ya tafi bola. Abin da ya yi shekara talatin yana aiki an musanya shi da na wata goma sha.

8/
Gwajin farko kunne kawai yake buƙata. Ɗaga kujerar baya, murɗa makulli, saurara.

In famfo ya yi "wuuu" na daƙiƙa biyu ko uku ya tsaya, lafiyarsa ƙalau. Yana da abin da ke jin matsin iska, da ya kai sai ya kashe kansa. In ya yi ta kuka ya daɗe kafin ya yi shiru, iska na zurarewa a wani wuri. In ko bai motsa ba sam, to maganar wuta ce.

9/
Maganar wuta a fara da fiyus. Motar na amfani da tsofaffin fiyus ɗin nan masu tsini biyu, bakinsu kan yi tsatsa, ka gan shi lafiya da ido amma wuta ba ta wucewa. A goge wurin zamansa, a sa mai jan ƙarfe. Sai wayoyin da ke bi ta cikin robar nan tsakanin ƙofa da jikin mota, buɗewa da rufewa na shekaru kan karya su ta ciki.

10/
Nawa famfon yana kuka ba ya tsayawa, ke nan yoyo. Na sayi babban sirinji a kyamis. Ina cire tiyo ɗaya, in toshe sauran, in ja sirinji in ga ko zai riƙe. Ƙofofin gaba sun riƙe. But ya riƙe. Na bayan hagu ya saki nan take: tiyon ya tsage daidai inda yake lanƙwasa a bakin ƙofa. Na murfin tanki kuma fatar ce ta bushe ta fashe. Zafin Kano ba ya raga wa roba.

11/
Tiyo na yanke wurin tsagewar na haɗa da guntun roba. Gwangwanin murfin tanki na samo na hannu a Kofar Ruwa, kuma da sirinjina na je, na gwada a gaban mai shago kafin in biya. Uku na gwada, na uku ne ya riƙe iska. Yana ta dariya wai likitan mota ya zo.

12/
Da na zare famfon daga soso na tarar soson da danshi. Na buɗe, a kan fanel ɗinsa dalmar ƙafar wani rile ta tsage, siririn zobe kamar gashi. Yaron da ke gyara min waya ya sake ɗiga mata dalma cikin minti biyar. Masu gyaran waya sun fi masu wayarin mota hannu a irin wannan, ban da wasa.

13/
Yanzu maganar rimot, tunda da shi ake yaudarar mutane. Ana sa wa V-boot rimot ba tare da an huda komai ba. Waya ɗaya ce ke zuwa daga ƙofar direba zuwa famfo, a tawa shuɗiya ce. In tana ɗauke da wutar batir 12V famfo ya buɗe, in ta koma at, wato jikin mota, ya kulle. A tabbatar da fitilar gwaji kafin a yanka.

14/
Ka lura, wayar nan kullum tana kan ɗaya daga cikin biyun. Don haka ba a jona mata rimot kai tsaye, wuta za ta haɗu da at, fiyus ya tashi ko abin da ya fi fiyus tsada. Yanke ta ake yi a sa rile biyu a tsakani. In ba a taɓa rimot ba, saƙon makulli na wucewa kamar da. In an danna, rile ɗaya ya raba ta da ƙofa ya ba famfo wuta, ɗayan kuma ya ba shi at.

15/
Ga inda masu haɗawa suke faɗuwa. Akwatin rimot yakan zo da saƙo gajere, ƙasa da daƙiƙa ɗaya, don motoci masu injin lantarki. Iska kuwa ba ta sauri haka. Saƙon zai yanke kafin ƙofar direba ta gama sauka, wayar ta koma hannun ƙofa, ƙofa ta ce "ni fa a buɗe nake", famfo ya juya ya sake buɗe komai. Sai a ce maka ai famfonka ne ya mutu. Ƙarya ne. Akwatuna da yawa suna da saitin daƙiƙa 3.5 da aka yi musamman don irin wannan tsari na Marsandi da Audi. A duba takardar, a mayar da shi can. In babu saitin kar ma a saya.

16/
Akwatin nawa yana kwance gefen famfo, ba a ganinsa, kuma in na so cire shi gobe waya ɗaya zan haɗe. Makullin Baba na asali yana aiki a ƙofa da but kamar yadda yake yi tun ina firamare.

17/
Wanda aka riga aka cire wa famfo kuma yana ajiye a gareji ko sito, don Allah kar a sayar wa 'yan gwangwan a kilo. A yi min magana ta DM, akwai mutum biyu da ke nema yanzu haka, ɗaya mai 300E ne a Zariya.