Ranar da ɗana ya sha kananzir ya ɓoye mini

Mai karatu, idan kana da ƙaramin yaro a gida, ka tambayi kanka: in yau ya yi ɓarna babu wanda ya gan shi, wurinka zai rugo ko ɓuya zai yi? Ni ban taɓa yi wa kaina wannan tambaya ba sai da na kwana biyu a kan bencin asibiti.

Muna zaune a Agege, a gidan haya irin mai ɗakuna a jere suna kallon juna. Akwai Yarbawa, akwai Hausawan Kano da Katsina, ga mu kuma 'yan Kudancin Kaduna. Ni da maigidana Kiristoci ne, da Hausa muka tashi, da ita kuma muke sujada a cocinmu na ECWA. Dukanmu a Ikeja muke neman abinci. Tsakanin Agege da Ikeja ba wata tafiya ba ce, amma wanda ya san gosulon Legas ya san zancen. Gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021 ta rage wahalar, ba ta kashe ta ba. Mukan fita gari bai waye ba, mu dawo yara suna gyangyaɗi. Uwar da ta gaji ba ta da dogon bayani, bulala ce hanya mafi kusa. Tawa a bayan ƙofa take rataye.

Wata Asabar na sayo kananzir na risho a robar lemo, na ajiye a ƙarƙashin tebur, na fita tsakar gida wanki. Ɗana yana da shekara biyar a lokacin. A cikin makon nan na zane shi saboda ya sha lemon baƙi ba izini. Ya ga roba, ya ɗauka lemo ne, ya kurɓa. Da ya ji abin da ya shiga bakinsa bai yi kuka ba, bai kira ni ba. Ya rufe murfin, ya mayar da robar inda take, ya kwanta a bayan gado.

Maƙwabciyata Hajiya ce ta ji tari ya ƙi ƙarewa. Ta leƙa ɗakin, sai na ji ta ɗaga murya: "Maman yara, ajiye wankin nan ki zo! Yaron nan warin kananzir yake yi." Kafin ka ce me, tsakar gida ta cika, kowa da maganinsa. Na karɓi manja na ɗura masa da hannuna, ya yi amai, na ce Allah na gode. Ashe ɓarna na ƙara.

A asibiti likita ta yi mini bayanin da nake so kowace uwa ta riƙe. Haɗarin kananzir a huhu yake fiye da ciki. Ruwa ne marar kauri, ɗan kaɗan ya zurara ta hanyar numfashi ya isa ya kumbura huhu, kuma amai yana sake ba shi hanyar shiga. Don haka ba a sa yaro amai, ba a ɗura masa manja ko madara. A cire rigar da ta jiƙe, a wanke masa jiki, a kai shi asibiti ko da yana wasa, domin numfashi sama-sama da zazzaɓi sukan ɗauki sa'o'i kafin su bayyana. Ɗana sai da aka sa masa iskar oksijin.

Daren farko, da ya ɗan samu kansa, na sunkuya na ce, "Me ya sa ba ka faɗa mini ba?" Ya dube ni ya ce, "Mama, za ki dake ni." Yaro yana jin ƙirjinsa na ƙuna, ya auna ƙunar da bulalata, ya zaɓi ƙunar. Ni na koya masa wannan lissafin.

Kusan duk iyayen Kirista sun haddace Karin Magana 13:24, ayar da ke maganar sanda da horon ɗa. Ko wanda bai cika zuwa coci ba ya san ta. Amma sau nawa ka ji an tsaya a kan Afisawa 6:4 ko Kolosiyawa 3:21, inda Manzo Bulus ya juya kan iyaye ya gargaɗe su kada su riƙa tsokanar 'ya'yansu har su fusata ko zuciyarsu ta karaya? Mun ɗauki ayar da ta ba mu iko, mun tsallake wadda ta ɗaure mana hannu. A kan bencin nan na buɗe Farawa sura 3 a wayata. Adamu ya yi laifi, ya ji tsoro, ya ɓuya. Kafin a kai ga hukunci, Ubangiji ya neme shi, ya kira shi, ya yi masa tambaya, ya saurari amsa. Hukuncin ya zo, ba a fasa ba, amma a bayan magana ya zo. Ni kuwa bulala ke fara magana, in na huce in tambaya.

Da na ba da labarin nan a Zumuntar Mata, wata dattijuwa da nake girmamawa ta ce, "'Yata, mu da bulala aka raine mu, ga mu nan ba mu lalace ba." Na ce, "Gaskiya ne, Mama." Ban yi mata musu a cikin mutane ba, amma na kwana da maganar. An dake mu, babu shakka. Sai dai a gida, in uwa ta ɗauko tsumagiya, akwai ɗakin kaka da za ka faɗa, ta rufe ka da zanenta ta ce a bar mata mijinta. Akwai goggo, akwai kawu, akwai wanda za ka raɗa wa abin da ba ka iya faɗa wa uwarka. Horon yana da zafi, amma yana da mafaka. A Legas mun kwaso bulalar mun baro kakar a ƙauye. Yaron da ke ɗaki ɗaya da uwa da uba, su ne alƙalai, su ne 'yan doka, ina zai gudu? Sai bayan gado. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida, mu kuwa mun shigo da na dajin har cikin ɗaki.

Ba mu kaɗai ke wannan tunani ba. Gwamnatin Jihar Legas ta hana dukan ɗalibai a makarantu, kuma a 2018 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta shawarci iyaye su bar duka, tana cewa ba ya gyara hali na dindindin, yana ma ƙara wa yaro faɗa. Amma ni ba takardar kowa ce ta sauya ni ba, kalmomi biyar ɗin nan na ɗana ne.

Ga abin da muke yi yanzu, ko zai yi maka amfani. Mun kafa doka, mun faɗa wa yaran a fili: wanda ya zo da bakinsa ya faɗi laifinsa ba za a taɓa jikinsa ba. Wannan ba ya nufin ya sha. In ya zubar, shi zai goge. In ya ɗauki na wani, da ƙafarsa zai mayar ya roƙi gafara, ni ina tsaye a bayansa. In rashin ji ne, ranar ba katun. Ita ƙanwarsa da ba ta kai shekara uku ba, ba ta san doka ba tukuna, don haka kayan muke ɗagawa. Kananzir, maganin ɓera, ruwan wanke banɗaki da ƙwayoyin magani duk sun koma saman kabad, kuma na daina zuba komai a robar abin sha.

Abin da ya fi yi mini wuya shi ne addu'ar dare. Da can maigida ke karatu, mu ce amin, a kwanta. Yanzu mukan ƙara minti goma, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya yi ba daidai ba a ranar, kuma daga manya ake farawa. Ranar farko na ce wa ɗana, "Ka yafe mini, ni na ajiye kananzir inda hannunka zai kai." Ya yi ta kallona kamar na yi wani yare. Kullum muna koya masa Addu'ar Ubangiji, yana roƙon gafara da baki, amma bai taɓa ganin babba ya roƙe ta ba. Malamin makarantar Lahadi yana da shi sa'a ɗaya ko biyu a mako, sauran duk namu ne.

Kada ka ɗauka gidanmu ya zama aljanna. Baban yara har yau yana ganin akwai laifin da sai bulala, musamman yaro ya tsallaka titi a guje, kuma ba mu gama wannan muhawara ba. Ni ma akwai daren da nakan dawo daga Ikeja kaina na sarawa, hannuna ya riga tunanina.

Makon jiya ina tuƙa tuwo ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa, hannunsa a baya. Ya ce, "Mama, ni na zo da kaina, ko?" Na ce, "Kai ka zo." Ya miƙo mini wayata, gilashin ya tsage tun daga sama har ƙasa. Ban gama biyan kuɗinta ba. Na ajiye muciya, na fita tsakar gida na tsaya wajen famfo har sai da Hajiya ta tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau. Sannan na koma ciki na ce ya zauna ya faɗa mini yadda aka yi.