Ranar da muka yi gardama kan dakashi

Rubutun wannan makon daga ɗakin mai jego ya fito.

Da ƙanwarmu ta haihu, Gwaggo ta ce a tatse dakashi a zubar, wai nonon farko ƙazanta ne, a bari sai fari ya zo. Mu kuwa muka ce a'a. Ta ce, "To me ke cikinsa?" Nan fa muka yi tsuru-tsuru. Mun san amsar da Turanci, amma da Hausa bakinmu ya mutu, alhali kullum muna nan muna kiran kanmu marubuta.

Ga abin da ya kamata mu faɗa mata. Jiki na ƙera wasu sinadaran garkuwa, antibodi, iri biyar: IgM, IgD, IgG, IgA da IgE. Siffarsu kamar gwafa ce. Rassan biyu ke cafke ƙwayar cuta, gindin kuma shi ke nuna inda za a kai aikin. Ƙwayoyin B da ke ƙera su da IgM suke farawa. Idan ƙwayoyin T suka ba su umarni, sai su canza gindi su bar rassan, wato abokin gaba bai canza ba, fagen fama ne ya canza. IgG na ratsa mabiyiya ya shiga jinin ɗan tayi. IgE na tsutsar ciki ne, kuma shi ne mai haddasa borin jini. IgA ke gadin hanji da hanci.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne yadda canjin ke faruwa. Wani sinadari mai suna AID, wanda ɗakin binciken Tasuku Honjo a Japan ya gano a 1999, shi ke sa a yanke wani yanki na DNA ɗin ƙwayar a yar. An yanke ke nan, babu komawa IgM har abada. Wasu ƙwayoyin da suka koma IgA a hanjin uwa sukan yi ƙaura zuwa mama, su zuba kayansu cikin nono. Dakashi ya fi sauran nono yawan IgA nesa ba kusa ba, ga shi na yaƙar cututtukan da uwar ta riga ta gamu da su ne, a gidan da jaririn zai tashi.

A ranar dai abin da muka iya cewa kawai, "Gwaggo, don Allah ki yi haƙuri, magani ne." Ta harare mu, ta ce yaran zamani sai Allah. Ƙanwarmu ta juya baya ta sa wa jaririn nono a baki.