A Riƙa Rubuta Waɗanda Mota Ta Kashe

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini rai.

Na karanta cewa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta lissafta mutum 5,081 da suka mutu a hanyoyin Nijeriya cikin shekarar 2023, a 2024 kuwa mutum 5,421. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a faɗin duniya wajen mutum miliyan 1.19 ne hanya take ci kowace shekara. To, Malam Edita, ni dai ban yi musun wannan lissafi ba, amma na tabbata bai cika ba. Ga dalilina.

Ina da maƙwabci a nan Birnin Kudu, ɗan dako ne, da ƙarfinsa yake ciyar da mata da 'ya'ya huɗu. Ran nan suka yi wa wata babbar mota lodin hatsi a kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram, ya hau can bisa buhuna don su sauke a gida. Mota ta faɗa rami, ya rikito, ko shurawa bai yi ba. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. Ba wanda ya zo da takarda da alƙalami. Shin a wane littafi aka sa shi, na waɗanda suka mutu a hanya, ko na waɗanda suka mutu a bakin aiki? Ba ya cikin ko ɗaya.

Da tankar mai ta kama wuta a Majiya ta ƙasar Taura cikin Oktoba 2024, mutum fiye da 150 suka halaka, duniya duka ta ji. Amma masu mutuwa ɗai-ɗai a hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta ratsa garinmu, sai mu ce kwana ya ƙare, mu yi shiru. Gaskiya ne ajali ba ya wuce lokacinsa, amma likita ba ya ba da magani sai ya san ciwo. Hukuma ba ta cike rami ko ta hana lodin ganganci in ba ta san inda ake mutuwa ba.

A zamanin haraji da jangali, dagatai sun san yawan magidanta da shanun ƙasarsu, ba a ɓoye musu ko maraƙi. Ashe ran ɗan Adam bai kai saniya ba? Shawarata ita ce kowane mai unguwa ya ajiye littafi, ya rubuta suna da rana da wuri da sanadi, ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya miƙa wa hukuma. Ina roƙon sarakunanmu su duba wannan. Masu karatu kuma, me kuka gani?

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Mai Karatu, Birnin Kudu.