Me Muke Cewa Ma?

Mu huɗu ne muka fara shan wiwi a bayan shagon ɗinki, ba mu kai shekara 18 ba. Lokacin mantuwa abin dariya ce. Ɗayanmu zai ɗauko labari, ya tsaya a tsakiya ya ce, "Me nake cewa ma?" Sai mu kwashe da dariya.

Da shekaru suka ja, dariyar ta ƙare. Mu auna hannun riga, kafin mu ɗauki biro lambar ta gudu. A jajibirin wata sallah muka yanka shaddar wani dattijo da awon ɗansa. Amma sunayen 'yan ajinmu na firamare suna nan daram. Sabon abu ne ba ya zama.

Daga baya muka gane dalili: sinadarin THC da ke cikin wiwi yana dagula sashen ƙwaƙwalwa mai ajiye sabon bayani, ita kuwa ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25.

Mu uku mun daina. Bayan makonni, awo ya fara zama a kanmu. Na huɗunmu har yau a tafin hannu yake rubutawa.