Masu Sayar da Kayan Lantarki a Kasuwar Monday ta Maiduguri

Duk baƙon da ya sauka Maiduguri, wadda mutanenta ke kira Yerwa, da wuya ya tashi bai leƙa Kasuwar Monday ba. A da, fatake daga Chadi da Kamaru da Nijar a nan suke sarin rediyo da fanka da dutsen guga. Mai kanti shi ke jarraba kaya a gaban mai saye, in sun lalace kuma ya haɗa shi da mai gyara.

Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya toshe hanyoyin kan iyaka, fatake suka ɗauke ƙafa. A Janairun 2021 aka karya turakun da ke kawo wuta daga Damaturu, gari ya daɗe cikin duhu. To, wa zai sayi na'urar zuƙe ƙura alhali ga tsintsiya? Gobara ta cinye kasuwar a Fabrairun 2023, ambaliyar madatsar Alau kuma ta shige ta a Satumban 2024.

Ga kuma cinikin intanet. Jumia da Konga sun buɗe a Legas a 2012, yau kuwa matashi sai ya duba farashi a wayarsa kafin ya taya kaya. Wasu 'yan kasuwa sun koma talla ta WhatsApp da Facebook. Sai dai in kayan nesa sun iso a lalace, mai gyara na kusa ake nema, shi kuwa da cinikin kantunan nan yake ci.