Kowane Aiki da Nasa Saitin

Shekaru ke nan ina fassara da OmegaT, manhajar kyauta da Keith Godfrey ya soma ƙirƙirowa a shekarar 2000. Tana yanka rubutu jimla-jimla, tana adana duk abin da ka fassara, ta kuma tuna maka da shi idan makamancinsa ya sake zuwa. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne yadda masu ƙera irin waɗannan manhajoji suke ɗauka cewa harshe ɗaya yana da hanyar rubutu ɗaya tak.

Hausa ba haka take ba. Mai aiki daga Kano yana son 'ya'ya da 'yanci. Mai aiki daga Yamai ko Damagaram yana son ƴaƴa da ƴanci, bisa tsarin rubutun Nijar. Na farko yakan turo Ingilishi, na biyu Faransanci, mai barin fili gaban alamar tambaya. Wani yana son "gwamnati", wani "hukuma". Idan mai fassara ya dogara da ƙwaƙwalwarsa wajen tuna waɗannan duka, wata rana takardar asibiti za ta isa Maradi da rubutun Zariya, mai aikin kuma ya nemi wani.

OmegaT ta bari kowane aiki ya riƙe nasa kundin kalmomi da nasa ƙa'idojin yanka jimla. Amma wasu saituttukan na gaba ɗaya ne: ka taɓa su yau, su bi ka cikin aikin gobe. A nan ne gajerun rubutun umarni suke amfani. Ana rubuta su da harshen kwamfuta mai suna Groovy, a ajiye a jakar da ake kira project_changed, su tashi da kansu duk lokacin da aka buɗe wani aiki. Nawa bai kai layi talatin ba. Yana duba sunan aikin, ya gane na Nijar ne ko na Najeriya, ya ɗora abin da ya dace. Ni ba injiniya ba ne, karatun harshe na yi. Na koya ne daga misalan da suke zuwa tare da manhajar.

Sai dai ina da ra'ayi mai ƙarfi a kan iyakar abin da za a ba shi. Abokan sana'a da dama suna son umarnin da zai gyara musu rubutu kai tsaye, ya mayar da kowane 'y zuwa ƴ. To, idan an sa kalmar 'yara' cikin alamar zance fa? Sai ta koma ƴara, abin da babu shi a Hausa. Haruffa masu ƙugiya sun fi wannan haɗari. Babu umarnin da zai san ko "kasa" na nufin gazawa ne ko ƙasar haihuwa ce aka manta ƙugiyarta, ko "baki" na magana ne ko baƙi ne suka sauka. Don haka nawa nuni kawai yake yi: ya jero mini wuraren da yake zargi, ni in bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ɗalibanmu na sassan harsunan Najeriya suna kammala digiri sun san nahawu da adabi, amma kaɗan ne aka taɓa nuna wa yadda ake buɗe irin wannan jaka. Zama biyu ko uku a ɗakin kwamfuta ya isa a koya musu.